Hannun Daman Labo Ambirekebul

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Konni, ko ta Malbaza, ko ta Badaguishiri, ya san Labo. In bai san fuskarsa ba ya san ƙararsa: tau! a kan ƙasa, sannan ihun jama'a. Faranti Labo yake sayarwa, kuma tun da ya shiga wannan sana'a bai taɓa miƙa wa mai saye faranti ba sai ya fara maka shi da ƙasa.

Ga yadda yake yi. Zai shimfiɗa buhu ya jera kaya, ya zaɓi faranti ɗaya ya ɗaga shi sama da kansa, ya juya dama ya juya hagu har mutane su taru. Sai ya tambaye su, "In jehwa?" Su kuma su amsa da murya ɗaya, "Jehwa!" Sai ya buga shi da iyakar ƙarfinsa. Faranti ya yi tsalle, ya yi ta juyi kamar katantanwa, ya kwanta lafiya lau. Ranar da kasuwa ta yi sanyi, sai ya kira Saminu ɗan kabu-kabu ya bi ta kan farantin da moto, wato babur ɗinsa. Mutane sun saba da abin har ya zame musu jiki. Akwai tsofaffin da ba su taɓa sayen ko cokali a wurinsa ba, amma in sun hango hannunsa a sama sai su ajiye cinikin da suke yi su taya shi ihu.

Asalin abin a Sakkwato ne. Lokacin Labo yana saurayi, dako yake yi wa 'yan kasuwar Konni masu tsallaka iyaka su saro kaya. Wata rana a ƙofar shagon wani Alhaji Chindo, kwalin faranti ya suɓuce masa daga saman mota ya faɗo. Labo ya runtse ido yana jiran mari. Da aka buɗe kwali, ko ɗaya bai tsage ba. Alhaji Chindo ya yi dariya, ya jawo shi ya nuna masa rubutun da ke jikin kwalin: UNBREAKABLE. Labo ya ɗan zauna a lakwal, wato makarantar boko, ya san baƙaƙe, amma Faransanci aka koya masa, Ingilishi kuwa ko gaisuwa bai iya ba.

Alhaji Chindo ya ɗora babban yatsa a kan baƙaƙe biyu na farko. "In ka ruhe wa'annan, abu na mai hwashewa." Ya ɗage yatsan. "In ka buɗe su, ba shi hwashewa. Su biyun nan a'a na. Haka Ingilishi shike."

Labo ya sa shi ya rufe ya buɗe, ya rufe ya buɗe, har Alhaji ya gaji ya kore shi. Amma abin ya riga ya shige shi. Ya dawo Konni da kwali ɗaya da kalma ɗaya, kuma da yake bakin mutanen Konni ba ya wahalar da kansa, kafin damina ta faɗi kowa yana kiransa Labo Ambirekebul.

Daga nan ya shiga tara irin waɗannan kalmomi, kamar yadda wani yake tara tantabaru. Ya gano cewa a'ar Ingilishi ba riga ɗaya gare ta ba: wani wuri un ce, wani wuri non, wani wuri dis, wani wuri im. Ya samo NON-STICK a jikin kaskon tuya, wato kaskon da abinci ba ya kamawa. Ya samo DISINFECTANT a jikin kwalbar ruwan goge ɗaki mai kashe ƙwayoyin cuta. Ya samo UNLIMITED a allon tallar waya, aka ce masa abin da ba shi da iyaka ne, ya ce to ashe Bature ya san surutun maƙwabciyarsu. A bayan wata babbar mota ya ga NOTHING IS IMPOSSIBLE, direba ya fassara masa cewa babu abin da ba ya yiwuwa. Labo ya ce a'a biyu a magana ɗaya ba ta mutumin kirki ba ce, in eh kake nufi ka ce eh. Kalmomin da ba su da daɗi kuwa, irin su UNLUCKY na rashin sa'a da UNWELL na rashin lafiya, ya san su amma ba ya bari su fito daga bakinsa da safe.

Yana da ra'ayi a kan abin, kuma ba sai ka tambaye shi ba. "Bature ba shi yabon kaya da abin da sunka iya," in ji shi, "sai da abin da sunka ƙi." Wannan ra'ayi ya taɓa ja masa. Ya ga gwangwanin madara an rubuta UNSWEETENED, ya ga baƙaƙensa biyu zaune a gaba, bai tsaya tambaya ba ya sayo kwali guda. Ashe madarar da ba a sa wa sukari ba ce. A garin da ake zuba sukari a shayi har cokali ya tsaya da kansa, wa zai sayi madarar da abin alfaharinta shi ne ba ta da zaƙi? Shi da iyalinsa suka sha ta har ƙarshen rani. Wani mushe, wato malamin lakwal ɗin unguwarsu, ya taɓa gaya masa cewa Faransanci ma yana da tasa kalmar, incassable. Labo ya gwada ta a baki, ya ce bai yarda da ita ba, ba ta da nauyin da za ta riƙe faranti.

To, da a kasuwa abin ya tsaya da babu labari. Matsalar ita ce hannun daman Labo bai san bambancin kasuwa da gida ba. Shekara da shekaru yana abu ɗaya, har hannun ya daina neman izinin mai shi. Duk abin da yake da faɗi da zurfi, in aka sa masa a tafi, sai ya tashi sama. Matarsa Zalika ta daɗe da mayar da kayan gidan duka roba da silba, silbar ma babu wadda ba ta lotse ba. Mai shayin tasha ba ya ba shi kofin gilashi a hannu: shi yake riƙewa ya kai masa baki, Labo ya kurɓa hannuwansa a baya, katon mutum da furfura a gemu. Mutane sun ga abin har sun daina dariya.

In ka cire ƙore, abu ɗaya ne a gidan wanda ba roba ba, ba silba ba. Kwanon tangaran ne mai marfi, fari da furanni shuɗɗa, yana zaune can saman kabad a ɗakin Zalika inda sai an taka kujera ake kai wa. Mahaifinta ne ya kawo wa mahaifiyarta shi daga Abijan lokacin da ya je cin rani, ya naɗe shi cikin rigarsa duk tsawon hanya. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, aka kawo ta Konni daga ƙauyensu na Alela don ta yi kusa da likita, ta zo da kwanonta. A cikinsa Zalika take dama mata fura, da fura ta gagara ta koma kunu, da kunu ya gagara ta koma ruwa. Bayan rasuwa kwanon ya zauna. Kowace Juma'a Zalika takan sauko da shi ta goge, ta ɗan zauna da shi a cinya, ta mayar. Labo bai taɓa taɓa shi ba. In ya shiga ɗakin ma hannunsa na dama yana cikin aljihu.

Da haka aka zauna lafiya, har aka gayyaci Labo suna a Malbaza. Mai gida bai san halinsa ba, don girmamawa ya miƙa masa tiren gilashi cike da dabino ya zagaya da shi. Waɗanda suka sani sun buɗe baki za su yi magana, amma hannu ya riga su. Labarin ya bi motocin kasuwa har ya isa Alela, ya shiga kunnen Gimbiya, yayar Zalika.

Gimbiya ba mai yawan magana ba ce, kuma a waya ma ta fi gajarta ta. Ta ce da ƙanwarta kwanon Inna ba zai ƙara zama a gidan mutumin da jifa ce abincinsa ba. Ranar kasuwar Konni mai zuwa za ta zo ta ɗauka.

Labo ya dawo ya tarar da Zalika zaune bakin gado da kwanon a cinya, ba kuwa Juma'a ba ce. Ba ta yi masa faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gaya masa abin da Yaya ta ce, sannan ta ƙara da cewa, "Malam, shi kaɗai yar rage min. In na buɗe marhin ina jin kamar tana ɗakinga." Ta juya fuska ta goge ido da bakin zane.

Tausayinta ya kama Labo ƙwarai, kunya kuma ta rufe shi. Amma ɗan kasuwa ne, tunanin ɗan kasuwa ya fara zo masa. Ya fita waje ya kira Alhaji Chindo, wanda yanzu ya tsufa 'ya'yansa ke riƙe da shago. Ya kwatanta masa kwanon, fari, furanni shuɗɗa, marfi mai ɗan kai. Ya ce a samo masa irinsa sak, a ba Yaya Gimbiya ɗaya, kowa ya huta.

"Irin wanga an daina yi tun ba ka da gemu," in ji Alhaji. "Kuma ko na samo maka, tsohuwar ta sha hura cikinai? Kai da ka son kalmomi, ga guda in ƙara maka. Irreplaceable. Abin da in ya tahi ba a samun madadinai."

Labo ya sauke wayar daga kunne. Duk kalmomin a'ar da ya tara alkawari ne kaya suke yi wa mai su: ba zan fashe ba, ba zan kama ba, ba zan ƙare ba. Wannan kuwa gargaɗi ne ga mai riƙo. Ita ce ta farko da ta ba shi tsoro.

Sai ya yanke shawarar zai horar da hannunsa kafin Gimbiya ta zo, don in ta ga ya warke ta haƙura. Ya fara da ƙwai. Ya ɗora ƙwai a cikin faranti ya zagaya tsakar gida. Ranar farko gidan da maƙwabta duka wainar ƙwai suka ci, ta ƙwan da aka kwashe daga ƙasa aka tace. Ya koma ƙwarya, Zalika ta ce ya bar mata ƙorenta. Ya sayo tukwanen ƙasa daga wata mai ginin tukwane, matar ta yi ta sa masa albarka, ta ce tun da take ba ta taɓa samun mai saye irinsa ba, kullum ya dawo. Ya gwada yi wa hannun magana. Ya gwada zama a kan hannun har hannun ya mutu, amma hannun da ya mutu ba ya ɗaukar komai. A ƙarshe dai ya gano sirrin: muddin abu bai wuce kafaɗarsa ba, kuma babu mai ihu, hannun yana jin magana. Ya yi zagaye da tukunya cike da ruwa ko ɗigo bai zuba ba. Zalika ta tsaya bakin madafa tana kallo, ta yi murmushin da ya kwana biyu bai gani ba.

Kuskurensa ɗaya, bai iya riƙe labari ba. Gidansa yana kallon inuwar da 'yan kabu-kabu suke jiran fasinja, kuma ya gaya wa Saminu komai. Gaya wa Saminu magana daidai yake da kai ta gidan rediyo.

Ranar kasuwa Gimbiya ta sauka a ƙofar gida da hantsi. Doguwa ce, siririya, mai fuskar Inna sak. Ta shigo da kwando, babu komai a ciki sai tsofaffin zannuwa na naɗe kwano. Ta ajiye shi a tsakiyar tabarma inda kowa zai gani. Labo ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida suruka, ta amsa ba yabo ba fallasa, idonta a kan hannunsa na dama.

Bayan an sha ruwa, Zalika ta fara roƙo. Ta ce Malam ya canza, ya yi ta fama da kansa. Gimbiya ta saurara har ta gama.

"Zalika, ni ma Innata ta," ta ce a hankali. "Ke kinka yi jinya, Allah shi saka maki. Ni ruwa yac cinye hanya, ban iso ba sai da anka kai ta. Ban ƙi ki da kwanonga ba. Tsoro ni kai wata rana a kira ni a ce min ga ɓaraguzai."

Gaskiya ta faɗa, kowa ya sani. Labo ne ya yi gyaran murya, ya ce, "Yaya, ki gwada ni."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To. A zuba tuwo cikinai. Ka ɗauko daga madahwa ka kawo min nan. In ya iso lahiya, mu yi magana."

Zalika ta taka kujera ta sauko da kwanon. Ta zuba tuwo, ta zuba miyar kuka a kai, ta riƙe marfin a ƙirjinta don ko me zai faru wani abu ya tsira. Labo ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya karɓa. Bai zaci haka tangaran yake ba. Yana da sanyi a baki, da ɗumi a gindi, da wani nauyi da roba ba ta da shi. 

Ya fara tafiya, kwano a daidai cibiya, ido a kan miya. Bai lura ba cewa katangar gidan ta cika da kawuna. Saminu ne da abokansa, sun jingina baburansu da bango sun tsaya a kan sirdi, har da mai shayi da wasu fasinjoji da aka bari suna jira. Saminu ya riga ya ja musu kunne cewa kowa ya yi shiru, kuma sun yi shirun. Ba mugunta ta kawo su ba. Sun zo ne su ga nasu ya ci nasara.

Tsakanin madafa da tabarma akwai turken akuya. Akuyar Zalika ce, kuma a rayuwarta ba ta taɓa ganin tuwo yana wucewa a daidai hancinta ba. Ta miƙe ta ɗora ƙafafun gaba a kan cikin Labo, ta kai baki. Labo ya yi abin da kowane mutum zai yi: ya ɗaga kwanon sama don kada ta kai. Ya wuce kafaɗa. Ya wuce kai.

Mutanen da ke kan katanga sun shekara suna ganin hannun nan a sama. Ba su yi shawara ba, ba su ma san sun buɗe baki ba.

"Jehwa!"

Zalika ta yi salati. Labo ya ji hannun ya tafi. Ya san wannan tafiyar, ya san babu mai tsayar da ita, ko shi. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya bi. Ya kai hannun hagu ya rungumo kwanon zuwa ƙirji, ya saki ƙafafunsa, ya juya baya, ya maka kansa da ƙasa da irin ƙarfin da yake maka faranti. Kafaɗarsa ta dama ce ta fara sauka, a kan turken.

An ji ƙara, kuma kowa ya san ƙarar fashewa ce. Gimbiya ta miƙe tsaye. Zalika ta rufe ido. Kawunan kan katanga suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Labo yana kwance rigingine, miyar kuka ta rufe masa fuska, akuya tana cin tuwo a kan wuyansa. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ku duba shi. Ni kar ku duba ni."

Gimbiya ta durƙusa ta zare kwanon daga hannunsa, da ƙyar, don ya ƙi saki. Ta juya shi, ta ɗaga shi a rana, ta ƙwanƙwasa da farce. Ya yi ƙara siririya mai tsawo, irin ta tangaran mai lafiya. Abin da ya fashe ƙashin kafaɗar Labo ne.

Aka kira mai ɗori, wani tsoho da ake ce wa Takama. Ya ja, ya murza, Labo ya yi ihun da ya fi na kasuwa. Aka ɗaure hannun da tsumma, aka rataye shi a wuya, ya kwanta a ƙirji kamar jariri. Saminu ya shigo yana sunkuyar da kai, ya rantse bakinsa ne ya yi, shi ba ya ciki. Labo ya ce ya yafe, ai ya san ciwon.

Gimbiya ta wanke kwanon da kanta. Ta zauna da shi a gabanta, ta dubi kwandonta, ta dubi ƙanwarta da idanu suka kumbura, ta dubi hannun da aka ɗaure. A gwaji dai Labo ya faɗi, tuwo bai iso ba, kowa ya gani. 

"Yanzu kam kwanon Inna ya samu lahiya," in ji Gimbiya. "Hannun da ni ka tsoro an ɗaure shi. Shi zamna nan har ran da anka kwance. Ran da anka kwance, in zaka in ɗauka." Ta ɗauki kwandonta yadda ta zo da shi, ta koma Alela.

Ƙashin Labo mai kyau ne, kafin a yi shuka ya haɗe. Takama ya zo kwance ɗori, Labo ya ce har yanzu yana jin zafi. Takama ya latsa nan ya latsa can, ya ce ƙarya yake yi. Aka kai shi likita aka yi hoton ƙashi, likita ya ce kafaɗar ta fi ta hagu ƙwari. Labo ya yi godiya, ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa ya mayar da tsummansa.

Haka yake har yau. Yana cire shi ya yi alwala, ya yi salla, ya ci abinci, ya mayar. In ka ce masa ai wannan kwancewa ce, sai ya ce a'a, sassautawa ce, kuma Yaya ba ta hana sassautawa ba. A kasuwa kuwa, da yake ba zai yi jifa da hagu ba, sai ya koma miƙa wa masu saye su jefa da kansu. "Jehwa da kanki, Hajiya, kar ki ji tausayinai." Ashe matan ƙasar nan sun daɗe suna son su maka faranti da ƙasa ba su samu dama ba. Akwai wadda take zuwa daga wani ƙauye bayan Badaguishiri, ta jefa uku ko huɗu, ta yi ajiyar zuciya, ta sayi ɗaya ta tafi. Ciniki ya fi na da.

Zalika ta sha ce masa ya bari haka nan. Zafi yana fito masa da ƙuraje a wuya, mutane suna yi masa sannu a hanya yana amsawa, ita kuma kunya take ji. Ta ce za ta kira Yaya ta gaya mata gaskiya, in ta ɗauka ta ɗauka. Labo ya ce in ta kira, zai je ya sake faɗawa kan turken.

Gimbiya ta zo Konni sau da dama tun daga lokacin. Ta taɓa shigowa ba a ji sallamarta ba, ta tarar da shi yana faskare da hannu biyu, tsumman yana rataye a kan igiya. Labo ya yar da gatari, ya fizgo tsumman, garin sauri ya rataye hannun hagu. Gimbiya ta dube shi, ta ce, "Sannu, Malam Labo. Ƙaƙa jiki?" Ya ce da sauƙi amma da saura. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta wuce ɗakin ƙanwarta. Suka sauko da kwanon suka sha fura a ciki su biyu, suna hirar Inna har la'asar.

Ana gobe Sallar da ta wuce, wani direban Alela ya tsaya a ƙofar gida ya ba da ƙunshi. Wake ne a ciki, da kuɓewa busasshiya, da wani ƙyalle a naɗe. Zalika ta warware. Shadda ce sabuwa, ruwan sararin samaniya, an yanka ta daidai ratayen hannu, an kalmashe bakinta da ɗinkin hannu ƙanana a jere, irin ɗinkin da Gimbiya kaɗai take yi. Direban ya ce an ba shi saƙo: wai wancan tsumman ya koɗe, kuma bai kamata mijin ƙanwarta ya je Idi da tsumma a wuya ba.

Zalika ta zauna a kan turmi ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma kuka, ta bar shi ya zuba. Da ta gama ta share fuska, ta kira Labo, ta sa shi ya durƙusa. Ta cire tsohon, ta kwantar da lafiyayyen hannun a cikin shaddar, ta zagaya bayansa tana ƙulla masa a wuya.

"Bai matse ka ba, Malam?"

"Ƙara ɗaurewa," in ji Labo.